Igiyar Moda

Ranar da aka sallamo jikata daga asibiti, a tsakar gidanmu na Bolari akwai ni, da Malam maigidana, da surukata uwar yarinyar, da ita yarinyar kwance a tabarma, ido ya zurma. Sai wata ma'aikaciyar lafiya da ke bi gida-gida saboda amai da gudawa da ya shigo unguwa a daminar.

Ma'aikaciyar ba ta ko zauna ba, randa ta nufa. Ta ɗaga faifai, ta leƙa, ta jefa ƙwayar maganin ruwa, ta ce, "Goggo, randarki tas take."

Na ce na sani. Ni nake wanke ta, ni nake tsayawa a kan mai kura in duba jarkokinsa kafin ya juye.

Sai ta ɗauki moda. "Da wannan ake ɗiba, da ita kuma ake sha?"

Na ce e. Ta ce daga yau moda ta ɗiba ce kawai, a zuba a kofi a sha, kada bakin kowa ya koma cikin randa.

Ba ta rufe baki ba Malam ya miƙe, ya karɓi modar daga hannunta, ya ɗiba, ya kafa kai ya shanye, ya mayar ciki. Ba don gardama ba. Ƙishi ne ya taso masa, hannu ya yi abin da ya saba.

"Baffa!" in ji ta.

Ya goge gemu ya ce, "'Yata, ni da shanu muka sha tafki ɗaya tun ina kiwo, ga ni nan."

Na ce, "Kai ga ka nan. Shanun ina suke?"

Ma'aikaciyar ta ƙunshe dariya, ta nuna tabarma ta ce, "Baffa, cikinka ya saba. Nata fa?" Ya dubi yarinyar, ya ce ya daina.

Malam ba maƙaryaci ba ne, mantuwa ce ta yi masa yawa. Kafin la'asar ina daga madafa na ji motsin faifai. Na ce, "Malam, kofi!" Ya ce dubawa yake ko maganin ya narke. Gemunsa na ɗiga.

Surukata ba ta iya yi wa suruki magana, kunya ba za ta bar ta ba. Ni ta samu a ɗaki, kanta a ƙasa, ta ce ko za ta kai yarinyar wurin mahaifiyarta a unguwar Arawa har ruwa ya ɗauke. Ban ga laifinta ba. Amma yarinyar nan a bayana ta girma, a ɗakina take kwana. Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Da safe, Malam na masallaci, na samo igiya na ɗaure hannun moda a wuyan randa. Na auna ta yadda za ta kai gindin ruwa, ta kai bakin kofi, amma ba ta kai bakin mutum a tsaye. Malam kuwa ciwon baya ya daɗe da hana shi sunkuyawa. Na kife kofinsa a kan faifai, na jawo kujera na zauna ina jiran ya dawo.