Fardon ɗin da ban ce ba

Daminar da na gama lise, wato sakandare, ce Gwaggo ta zo daga Beljik da ɗiyarta. Gwaggo ƙanwar babana ce, ciki ɗaya, ta fi shekara ashirin a can. Ɗiyar tsarata ce, can aka haife ta, kuma wannan ne zuwanta Tawa na farko. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, da Faransanci muke magana.

Kwana uku ana lallaɓa ta kamar ƙwai. An ba ta ɗakin da ke da bantilato, wato fanka, an hana ƙannena hayaniya, kowa sai "baƙuwarmu, baƙuwarmu". Ni abin ya ishe ni. Ɗiyar ƙanwar ubanka ba baƙuwa ba ce, taubashiya ce, kuma ba a lallaɓa taubashi. Tsokanarsa ake yi, ya rama, ba mai fushi. A wasan gidanmu ɗan namiji shi ne ubangiji, ɗan mace bawansa; ni ce ɗiyar namiji, ita ɗiyar mace. Haka muka taras.

Rana ta huɗu muka kama hanyar Takanamat don mu gaida Kaka. Baba ya aro motar abokinsa, kat-kat, yana tuƙi, Gwaggo a gaba, ni da ita a baya. Tun kafin mu fita gari ta ciro waya tana nuna mini tafiyar da suka yi bara: daga Beljik zuwa Holan, su ratsa Jamus, su sauko Faransa, duk a mota, ba wanda ya tsayar da su. Gudron, kwaltar titinsu, sumul kamar faranti. Gwaggo na juyowa tana ƙara gishiri. Na kalli hotuna talatin, na ce masha Allah sau talatin.

An yi ruwa shekaranjiya. A wani ƙori, wato hanyar ruwa, ƙafafun baya suka nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi, motar ta yi gurnani ta tsaya. Baba ya ce kowa ya sauka. Na sauka, Gwaggo ta sauka tana tattare zani. Ita ko tana zaune, tana jira a buɗe mata ƙofa ko me, oho.

Na leƙa ta taga na ce, "Ke baiwata, sabko ki tura. Nan ba Holan ba ce."

Ta tambaye ni ma'anar baiwa. Na fassara mata yadda take, ban sa mata sukari ba. Fuskarta ta canza. Ta sauko, ta tura motar tare da mu har ta fita. Da muka koma ciki ta juya wa taga fuska, hawaye na zuba.

Gwaggo ta ce, "Mi kinka ce mata?"

Na faɗa.

"Ba ki da hankali? Kin san abin da kalmag ga ka nuhi can? Ce mata fardon yanzu, ki ba ta haƙuri."

"Gwaggo, ke da ɗiyan kawunki fardon kuke ce ma juna?"

"Wannan daban. Ita ba ta sani ba."

"To a sanar da ita."

Baba ya dube ni ta madubi. "Ki ce, a wuce wurin. In ba ki ce ba, da mun isa za ki hau motar kasuwa ki koma gida."

Na ce na ji, zan hau.

Na san kalmar da nauyi. A arewacin nan akwai gidajen da ba a faɗinta ko da wasa, kuma ni ba zan taɓa jifan wani da ita ba. Mutum ɗaya ne a duniya nake da izinin ce wa haka, ga ta kusa da ni. Fardon kuwa na wanda ka taka wa ƙafa a layin banki ne. In na ce mata, na mayar da ita baƙuwa ke nan har abada, ta koma da hotunan raƙuma ta ce ta ga dangi. Shi ya sa na kame bakina har Takanamat.

Kaka na zaune a zaure tana ɓarar gujiya. Bayan gaisuwa ta lura da idon baƙuwar jikarta, ta tambaya. Gwaggo ta zayyana mata komai, tana jiran a yanke mini hukunci. Kaka ta yi dariya har da tari.

"Ke da kinka tahi da ita, ba ki koya mata komi ba? Hwaɗa mata sauran. Ɗiyar mace duk abin da ta gani ga ɗiyar namiji ta so, ɗauka takai. Ba a hana ta, ba a kai ƙara."

Gwaggo ta fassara, ba da son ranta ba. Taubashiyata ta share ido, ta tambayi uwarta ko da gaske kome da kome. Aka ce kome.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai tayin akuya. Sannan ta sunkuya ta zare mini takalma, sababbi, na fata, waɗanda na ɗinka don sallah. Ta cire nata ta jefa cikin mota ta rufe, ta zura nawa. Sun yi mata kaɗan, diddigenta a waje.

"Ƙafarki kamar ta raƙumi," na ce.

Wannan ba ta nemi fassara ba. Ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Ke, mummuna. Kawo ruwa."

Baba bai sake zancen motar kasuwa ba. Randar Kaka tana can ƙarshen gida, tsakar gidan kuma duk ƙarangiya. Na tafi ɗebo ruwan ba takalmi, ina tafe ina tsintar ƙaya, tana bayana tana ƙwas-ƙwas, tana ce mini in yi sauri.