Ƙusar da Orval Setzer Ya Shaƙa

Shekara talatin da ɗaya Orval Setzer ya yi yana yi wa kujeru rufin yadi a wata masana'anta a garin Hickory, a Amurka. Aikin har da baki ake yinsa. Mutum ya watsa ƙananan ƙusoshi a baki, harshe ya turo ɗaya, guduma mai maganaɗisu ta ɗauke, ya buga. Orval har hira yake yi da ƙusa cike da kumatu.

Wata Talata, abokin aikinsa Delmer ya kwaikwayi tafiyar manaja. Orval ya ja numfashi zai yi dariya, tari ya turnuƙe shi har ya durƙusa.

"Haɗiyewa ka yi, tsoho?" in ji Delmer. "Ci burodi, gobe ta fita ta ƙasa. Wa bai taɓa haɗiya ba a nan?"

Ya ci burodin. Ƙusa ba ta fita ba.

Mako uku yana tari, ga zazzaɓi. Ran da matarsa Lavada ta ga jini a hankicinsa, ta ce, "Sa takalminka."

"Mura ce fa."

"Ni za ka gaya wa mura? Tashi."

A asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna musu. Bututun iska, in ji shi, rabuwa yake yi biyu, kowane huhu da reshensa. Na dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa, shi ya sa abin da aka shaƙa can ya fi faɗawa. Ga ƙusar nan, tsininta sama, mugunya ta taru a bayanta.

"Zan zura bututun ƙarfe ta maƙogwaronka in kamo ta. In ta kafe, sai mun buɗe ƙirji, wataƙila mu yanke wani sashe na huhun."

"Ka taɓa yi?" in ji Orval.

"Gyaɗa, ba adadi. Ƙusa, sau biyu."

Lavada za ta tambayi yadda biyun suka ƙare, Orval ya riƙe hannunta.

Idonsa biyu aka yi, an dai kashe masa maƙogwaro da magani. Hantsakin da likita ya zura ta cikin bututun ya kama ƙusar, ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa.

"Kada ka yi tari yanzu," in ji likita a hankali.

Tarin kuwa yana tahowa. Orval ya ƙanƙame gefen gado, hawaye na gangara masa cikin kunne. Can ya ji wani abu ya faɗa a kwano, ƙwal.

Huhun ya tsira, amma bai koma daidai ba. Orval ya nemi a mayar da shi wajen yankan yadi, can ya ƙarasa aikinsa da almakashi. Ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya, in zai hau bene sai ya huta sau biyu.