Sunan da Malam Haliru bai rubuta da hannunsa ba

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar kakana, Malam Haliru na Maiyama. 'Yata ce ta tuno mini da shi. Aikinta zagaya ƙauyuka da waya a hannu, tana tambayar magidanta yawan iyalinsu. Aikin Kaka ke nan, sai dai shi da tawada da alƙalamin kara ya yi nasa.

Farkon zuwan Turawa, Baturen da aka turo ya ƙidaya mutanen ƙasarmu ya ɗauke shi malamin rubutu, saboda yana jin Fillanci. A Karaye Baturen ya lura yaran da ke tsakar gida sun fi na takarda yawa, ya ce ƙarya ake yi masa. Kaka ya ce ba ƙarya ba ce, alkunya ce: mutum ba ya lissafa ɗansa na fari, balle ya kama sunansa. Sai ya sauya dabara. In maigida ya ce, "Ɗiyana ukku," Kaka ya rubuta, sannan ya leƙa zauren maƙwabci ya tambayi sunan babban. Haka 'ya'yan fari suka shiga takarda.

To, shi ma gwanin yana da ɗan fari, wato mahaifina Umaru. Har Baba ya yi furfura bai taɓa jin sunansa a bakin Kaka ba, sai dai "wancan". Ya san al'ada ce, amma abin yana cinsa. Ya taɓa ce mini, "Ya sa ɗiyan kowa cikin takarda, ban da ni."

Bayan sadakar bakwai muka buɗe gafakar Kaka, muka tarar da kwafen shafin gidanmu na takardar ƙidaya. Kowane suna Kaka ne ya rubuta da hannunsa, ban da guda, wanda aka rubuta a karkace da wani hannu daban: Umaru. Wani tsohon abokin Kaka a Liba ya ce shi Kaka ya miƙa wa alƙalami, ya juya baya har ya gama. Ranar na fara ganin hawayen Baba.

Da Kaka zai ga wayar nan, na san abin da zai tambaya: ta san abin da mutane ke jin nauyin faɗa? Shi ya sa kullum nake ce wa yarinyar ta riƙa leƙa zauren maƙwabci.

Mai karatu zai lura ban rubuta sunanta ba. Ita ce ta fari.