Ranar da Muka Kai Inna Duwatsun Shere

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama kusa da ni, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa matata. Kunya ce irin ta Fulani, na sani, da ita na tashi. Amma autanmu, har gobe a cinyarta yake ɗora kai, da gemunsa da komai.

Da ya dawo daga karatu a Amurka, ya iso mana unguwarmu Rikkos da waya cike da hotuna. Wai wani wurin yawon buɗe ido ne a cikin hamada, duwatsu jajaye, ya yi kwana uku yana hawa yana kwana a tanti. Inna ta riƙe wayar tana ta "Ikon Allah!" Ni kuwa ina gefe zuciyata na tafasa. A zo har Jos a nuna wa mutum dutse! Shekara goma ina kai ta asibiti duk wata, ko "ikon Allah" ɗaya ban taɓa samu ba.

Sai ya ce, "Inna, ranar Asabar mu je Shere, ki nuna min inda kuka yi kiwo." Nan take ta amsa. Sau biyu na taɓa yi mata wannan tayin ta bakin matata, ta ce gwiwa ba za ta bar ta ba.

Ni na tuƙa mu. Shi ya sha takalmin hawa da jakar goyo, ni aka bar wa tabarma da buta da kular dambu. Inna ta kama damtsensa suna hawa a hankali, tana nuna masa inda suke shayar da shanu, tana faɗa masa sunayen itatuwa. Ina biye da su kamar ɗan dako. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, ni da furfura ta fara fito min.

Mun ci abinci mun yi azahar a sama, sai hadari ya haɗo, muka kama saukowa. Auta ya ruga ƙasa wai zai ɗauke mu hoto. A wani falalen dutse mai santsi Inna ta tsaya cak, daga ni sai ita. Na ajiye kaya na miƙa mata hannu. Ta kalli hannun, ta kawar da kai. Sai ta sunkuya ta ɗauki wani busasshen reshe, ta miƙo min bakinsa.

"Kai, riƙe nan da kyau," in ji ta, idonta a ƙasa. "Wancan wasa ne a ransa."

Na juya ina sauka da baya da baya. Duk nauyinta ta sakar min ta cikin itacen nan. Wallahi addu'a nake kada dutsen ya ƙare.

Muna taka ƙasa Auta ya taho yana dariya, "Inna, zo ki ga yadda kika fito!" Ta saki reshen ta kama damtsensa, suka yi gaba. Na tsaya na shafa wurin da ta riƙe, na ji da sauran ɗumi.