Abin da Inna ta faɗa wa ɗalibar

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma doguwar magana da ni. Haka ta taso ta ga ana yi a Malikanchi. Ko da aka cire mata nono saboda ciwon daji, na baro ɗakina a Kudan na zo jinya, sai dai ta kalli bango ta ce, "A miƙo ruwa." Shekara huɗu ta ƙara bayan aikin kafin Allah ya karɓi abinsa. Hannunta na hagu ya kumbura, ba ta iya ɗaura ɗankwali. Ni nake ɗaura mata, tana kallon gefe.

A shekara ta uku bayan aikin, wata ɗaliba ta zo daga Zariya. Ta ce digiri na biyu take yi, tana bincike kan tsofaffin da suka tashi daga wannan ciwo, yadda suke jurewa da wanda ke kula da su. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, ta yi alkawarin babu mai ji sai ita.

Inna ta ce, "A ba mu wuri."

Na fita tsakar gida na zauna ɓare gyaɗa. Tun azahar suna ciki har aka kira la'asar. Na ji dariyar Inna, na ji dogon shiru, na ji ta fyace hanci. Ni ba ta taɓa ce mini ko kanta na ciwo ba.

Da Inna ta rasu, bayan sadakar arba'in, na kira ɗalibar. Muka haɗu a tashar Makarfi ranar kasuwa, kusa da masu rake. Ta yi mini ta'aziyya. Na ce muryar nake so in ji, ko ta minti ɗaya ce.

Ta ce, "Yaya, wallahi ba zan iya ba. Amana ce."

"Ai ta rasu."

"Na sani. Amma ita da bakinta ta ce kada ki ji."

"Ni? Ta ambaci sunana?"

Ta ɗan yi murmushi, idonta cike da ƙwalla. "Ina! Cewa ta yi, 'waccan mai ɓare gyaɗar.'"

Ashe duk tsawon hirar Inna tana jin motsina a waje. Ban sake roƙo ba. Na sa wa yarinyar albarka, na ce ta riƙe amanar da kyau, na nemi mashin zuwa Kudan.