Barkwancina Ya Fitar da Maƙwabcinmu Daga Layin Zaɓe

A unguwarmu ta Jibiya, in ka tambayi yaron da ya fi kowa surutu, ko akuya za ta nuna maka ƙofar gidanmu. Lokacin ina ƙaramar sakandare, ban iya lissafi ba, amma in na ga ɓera zan ba ka labarinsa har ka rantse kura ce. Innata kan ce ko barci nake bakina bai san an tashi aiki ba. Ni dai a yi dariya, ban taɓa tsayawa na duba wanda ake yi wa ba.

Katangarmu ɗaya da wani dattijo da muke kira Baba Direba, mai jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi. A ƙauyen Mazanya na nan Jibiya aka haife shi, amma dangin mahaifiyarsa duk suna tsallaken iyaka, shi ya sa Hausarsa ke da ɗanɗanon can. Shi da babana aminai ne tun suna samari. Kullum bayan magariba ana ciyayya a ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya fito da kwanon tuwonsa a haɗa a ci tare. Jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, don haka musu ake yi har miya ta huce. Babana ya ce mutanen Baba ba su iya komai ba sai alkawari, Baba ya ce na babana ko alkawarin ma sai sun aro. A yi dariya, a wanke hannu, a tafi masallaci tare.

Da zaɓe ya matso, wata rana na zauna wurin mai shayi a bakin tasha, inda samarin jam'iyyar babana ke taruwa. Don in burge su, sai na ce ai Baba Direba katin zaɓe biyu gare shi: ya dangwala a Jibiya da safe, ya taka mota ya dangwala a Maraɗi da yamma, babban yatsansa ya sha tawada har sabulu ya haƙura. Suka yi ta dariya. Wani ya tambaye ni ina na ji, ni kuma don kada labarin ya mutu, na ce a bakin babana. Suka saya mini shayi da burodi, na tafi gida ina jin kaina gwani. Babu wanda ya tuna cewa ba ma rana ɗaya ake zaɓe a ƙasashen biyu ba.

Ranar zaɓe na je kallo. Baba Direba yana cikin layi da farar rigarsa, sai samarin nan suka kewaye shi. Suka ce baƙo ne, ya koma ƙasarsu ya yi zaɓe, ai amininsa ne ma ya tona shi. Ya fito da katinsa, suka ƙi dubawa. Ɗaya ya ja masa riga har hularsa ta faɗi. Baba ya waiwaya yana neman babana, wanda ke tsaye a layin kusa da manyan jam'iyyarsu. Babana ya sunkuyar da kai. Ni kuma, sarkin surutu, na tsaya ina kallo kawai. Baba ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya tafi bai jefa ƙuri'a ba.

Daga ranar kwanonsa bai sake fitowa ba. Da abin ya ishe ni, na gaya wa babana gaskiya. Na shirya wa dukan da za a ji har garin Bugaje, amma ko yatsa bai ɗaga ba. Ya kama hannuna muka shiga gidan Baba, na durƙusa na faɗi komai ina kuka. Baba ya ce in tashi, ya yafe mini, yaro ne ni. Ya ce ba maganata ce ta ƙona shi ba. Ya ce cikin samarin akwai wanda shi Baba ne ya kai mahaifiyarsa asibiti tana naƙudarsa, cikin layin kuma duk mutanen da suke sahu ɗaya da shi a masallaci ne, amma ba wanda ya ce uffan. Bai kalli babana ba, babana kuma ya kasa ɗaga ido.

Bayan 'yan watanni ya kwashe iyalinsa zuwa Maraɗi. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka. Ko da aka buɗe, motarsa kan sauke fasinja a tasha ta juya, ba ta shigowa unguwarmu.

Har yanzu ina ba mutane dariya, halina ne, amma na daina sa sunan mutum a ciki. Na gane cewa lokacin zaɓe akwai masu jiran kowace magana, ba ruwansu da gaskiya ce ko wasa, muddin za ta rage wa abokan hamayya ƙuri'a ɗaya. 'Yan'uwana matasa, ku kula da bakinku a irin wannan lokaci. Iyayenmu kuma, in kun ga an ja rigar maƙwabcinku saboda jam'iyya, ku yi magana nan take, ko da manyanku na kallo. Zaɓen nan ya wuce, wanda aka zaɓa bai san da mu ba, mu kuwa mun rasa Baba.