Gilashinmu a Tandar Hajiya Memuna

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta ranar da na kai gilashi gidan burodi ba. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaji a wata makarantar fasaha a Yendi, ƙarƙashin Madam Fuseina.

Ga aikin, don baƙi su gane. Akwai farin kwaɓi da ake kira titaniya. Mu shafa shi a gilashi, mu gasa har ya yi ƙananan ramuka kamar soso, sannan mu jiƙa shi a ruwan sobolo, wato zoɓo. Launin nan shi ke kama hasken rana ya ba da wutar lantarki.

Ranar Alhamis za mu nuna aikin a Bawku. Shugaban makaranta ya rantse in bai yi ba, ɗakinmu ya zama sito, ni kuma in koma Salaga in sayar da doya. Ranar Talata injin da muke gasa gilashin ya mutu murus.

Na zuba gilashi goma sha biyu a tukunyar ƙarfe, na nufi zango wurin Hajiya Memuna mai burodi.

"Salifu, yau kuma gilashi za ku ci?"

"Hajiya, ki taimaki ɗanki. Zafi nake so, wanda zai narkar da tirela."

Ta ƙara itace, ta tura tukunyar. Can na leƙa, sai na ga farin nan ya koma kalar ƙuli-ƙuli! Injinmu a rufe yake gashi, ban taɓa ganin haka ba. Na yi ihun da aka ji har garin Karaga, na rarumi mayafinta zan ciro tukunyar.

Ta buge mini hannu. "Yana hayaƙi, bai gasu ba. Ɗanye ba ya fita tandata. Zauna!"

Na zauna ina gumi bokiti-bokiti. Da hayaƙin ya ɗauke, gilashi ya dawo fari fat. Da na koma makaranta na ba da labari, Madam ta ce, "Ai danƙon kwaɓin ne ya ƙone, ya bar ramukan. Da ka ciro, da ka kashe mu."

Muka jiƙa gilasan a sobolo. A Bawku muka jera su a rana, muka haɗa da agogon bango. Shiru. Sai tsinken ya ce ƙyas, ya fara tafiya. Shugaba ya rungume ni har ya ɓalle mini maɓalli uku.

Shekara tara ina danna inji ban san abin da wuta ke yi a ciki ba. Yanzu duk sabon ma'aikaci, kafin ya taɓa makunni, sai ya yini gaban tandar Hajiya.